Olsa Tana Warkewa, Malam: Martani Ga Mai Ɗora Laifin Kan Yunwa

Na karanta rubutun ɗan'uwana marubuci a kan gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, kuma ban ga ya dace a bar shi ya wuce babu amsa ba. Harshensa mai taushi ne, kuma a fili yake cewa tausayin talaka ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Sai dai jama'a suna karanta shi, suna kuma aiki da abin da ya faɗa, a kan cutar da kan kai mutum ɗakin tiyata da tsakar dare. Abin da na fahimta daga maganarsa shi ne, olsa cutar yunwa ce da damuwa, wanda ta kama ta kama shi ke nan sai lallaɓawa. Saboda haka mai jin zafi a ƙahon zuci ya ci abinci a kan lokaci, ya ajiye madara kusa, ya sayi omefirazol a kemis, ya bar zaryar asibiti inda za a tatse shi da gwaje-gwaje. Har leƙa ciki da na'ura, wato endoskofi, Malam ya sa shi cikin dabarun karɓe kuɗin mutane.

Na san inda maganar yunwa ta samo asali, kuma ba na ganin laifin wanda ya yarda da ita. Gyambon da ke fitowa a farkon ƙaramin hanji, daidai inda tumbi ke juye abinci, yana da hali sananne. Ya fi ciwo idan ciki ya zama wayam, sa'o'i biyu zuwa uku bayan cin abinci, ko cikin dare har ya tashi mutum daga barci, da zarar ya sa wani abu a baki kuma sai ya lafa. Duk wanda ya sha wannan sau da yawa dole ya ce yunwa ce. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa yana kwarara kan gyambon da ya riga ya buɗe, babu abincin da zai tare shi. Yunwa tana tayar da ciwon, amma ta tarar da gyambon ne a wurin. Da ita ke haƙa shi, da duk mai azumin Litinin da Alhamis ya kamu, da kuma ba a taɓa kawo attajirin da ba ya tsallake kalaci yana aman jini ba.

Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin ra'ayin Malam. Har farkon shekarun 1980 abin da ake koyarwa shi ne damuwa da yaji da yawan tsamin ciki ke kawo olsa, kuma babu ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa a cikin tumbi. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya ne suka rushe wannan. Robin Warren, wanda aikinsa duba tsokar da aka ɗebo daga jikin marasa lafiya a madubin likita, ya yi ta ganin wata lanƙwasasshiyar ƙwaya manne da bangon tumbi a wuraren da suka kumbura. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, a 1982 suka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin gwaji. Manyan likitoci suka ƙi yarda. A 1984 Marshall ya shanye ruwan da ke ɗauke da ƙwayar da kansa, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura, ƙwayar ta kama. A 2005 aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel. Ƙwayar ita ce wadda za ka ga an rubuta H. pylori a takardar gwaji. Dabararta ita ce ta fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita, ta nutse cikin yauƙin da ke lulluɓe bangon tumbi, ta zauna shekara da shekaru tana raunana shi har tsamin ya samu kafar ci.

A nan Malam ya yi kusa da gaskiya ya kauce. Lalle akwai talauci a cikin maganar, amma ta ƙofar cunkoso da ruwan sha yake shigowa. Yawanci tun mutum yana yaro yake ɗaukar ƙwayar, a cikin gida, ta yawu da amai da hannun da ba a wanke ba bayan bahaya, da ruwan da ya gurɓata. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, mu kuwa mun zarce haka nesa. Wani likitan tiyata, Chris Holcombe, da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun wallafa bincike a 1992 da ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na mutanen da suka gwada suna da shaidar ƙwayar a jininsu, har da yawancin yara ƙanana. Kada wannan ya firgita kowa. Mafi yawan masu ɗauke da ita za su rayu su tsufa ba tare da ta dame su ba. Ɗaya ko biyu cikin goma ne gyambo ke fito musu, ƙalilan kuma daga baya su kamu da ciwon dajin tumbi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, rubutun nan mai tsawo bai ambaci sila ta biyu ba ko sau ɗaya, alhali ita ce ke aljihun kowa. Ina nufin magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da firoksikam, wanda aka fi sani da Feldene, da asfirin, har da garin Alabukun, domin shi ma asfirin ne da sinadarin kafin. Lebura ya tashi daga aiki, ɗan sahu ya yini yana tuƙi, manomi ya dawo daga gona, tsohuwa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, kowa ya nufi kemis ko mai tallar magani a faranti ya ce a haɗa masa na gajiya. Sai a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, sau da yawa biyu daga ciki dangi ɗaya ne, wani lokaci a ƙara da deksametazon, wanda haɗuwarsa da su ke ƙara haɗarin zubar jini. Waɗannan magunguna suna kashe ciwo ta hanyar toshe wani sinadari a jiki, kuma wannan sinadarin shi ne ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare shi, ya kuma samu isasshen jini. Ko allura aka yi wa mutum, ko ya sha bayan ya ci tuwo ya ƙoshi, ɓarnar tana nan, domin ta cikin jini take bi. Mugun abin shi ne gyambon da suke kawowa sau da yawa ba ya ciwo, musamman ga tsofaffi, sai dai kawai a ga baƙin bahaya ko aman jini. Wanda ya gaya wa irin wannan mutum cewa matsalarsa yunwa ce ya bar shi da ledarsa a aljihu. Farasitamol ba ya cikin wannan dangi, shi ya sa shi ake fara ba mai olsa. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya kada ya daina da kansa, ya koma a haɗa masa da maganin da zai kare tumbinsa.

Madara kuwa tsohuwar shawara ce. Tun 1915 wani likita a Shikago, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ba masu olsa madara kowace sa'a, aka yi shekaru ana bi kafin a watsar. Tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Ruwan kanwa da wasu ke jiƙawa shi ma yana kwantar da zafin nan take, amma ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, gishirin da ke cikinsa wata matsalar ce daban.

Sai maganar da ta sa ni wannan rubutu, cewa olsa ba ta warkewa. Tana warkewa, Malam. Idan H. pylori ce sila, ana haɗa maganin rage tsami irin omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, kamar amoksisilin da kilaritiromaisin, ko kuma haɗin huɗu mai bismut da tetirasaikilin da Flagyl, a sha kwana 14 ba fashi. Omefirazol shi kaɗai yana rufe gyambon, gaskiya ne, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa haka gyambon hanjinsu kan dawo cikin shekara guda, waɗanda aka kawar musu da ƙwayar kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan bambanci shi ne ya sa tun 1994 taron ƙwararru a Amurka ya yanke cewa duk mai gyambon ciki da aka samu da ƙwayar a ba shi maganin kashe ta. Mun haura shekara talatin da wannan hukunci, har yanzu ana gaya wa mutanenmu su haƙura su zauna da cutar.

Ban ce abin mai sauƙi ne ba. Ƙwayoyin suna da yawa, wasu suna sa ɗacin baki da tashin zuciya da gudawa, da yawa kuma kan ajiye su a kwana na biyar da zarar sun ji sauƙi. Ga kuma yadda muke shan Flagyl da ja-da-yalo a kan kowace murɗar ciki, har ƙwayar ta saba da wasunsu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai bijire wa kilaritiromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu. Shi ya sa bai kamata mutum ya haɗa wa kansa ba, kuma shi ya sa ake sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gama magani, a tabbatar ta tafi. Wanda ya sha bai warke ba, akwai haɗi na biyu da ake canza masa.

Duk wannan a kan wanda yake da gyambon da gaske ne. Rubutun Malam ya ɗauka cewa duk mai zafin ƙahon zuci olsa gare shi, kuma wannan ne kuskuren da ya fi haɗari. Idan aka leƙa tumbin masu irin wannan koke, mafi yawansu ba a samun gyambo. Wasu ƙwannafi ne, tsami ke hawowa maƙoshi. Da yawa kuma tumbin lafiya lau yake a ido, amma yana saurin jin zafi da kumburi da ƙoshi. Ciwonsu na gaske ne, kuma a nan na yarda da Malam cewa damuwa da rashin barci da zaman zullumi suna da hannu babba. Ko a gyambon ma ba a wanke damuwa ɗungum ba, domin bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan a 1995 likitoci sun ga ƙaruwar masu gyambo mai zubar da jini. Taba sigari ita ma tana hana shi saurin rufewa. Yaji da barkono suna tsokanar wanda cikinsa ya riga ya taɓu, kowa ya lura da abin da ke tayar masa ya rage.

Amma akwai waɗanda sunan olsa ke ɓoye wa cutar da ba ta jira. Tsakuwa a madaciya tana ciwo a wurin, kuma ta yawaita ga masu sikila. Bugun zuciya kan zo da zafi a saman ciki da gumi da amai, musamman ga mai ciwon suga da tsofaffi da mata, a ba shi maganin olsa ya kwanta, a wayi gari babu shi. Mace mai tsohon ciki da ta ce ƙahon zucinta na ciwo, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, wannan awon jini take buƙata nan take, domin yana iya zama gargaɗin jijjiga. Hanta ma a nan kusa take. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma dajin hanta kan fara da ɗan nauyi a saman ciki da rashin son abinci, abin da mai kemis zai kira olsa ba tare da ya ɗaga rigar mutum ba. Sai dajin tumbi kansa, wanda tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar H. pylori na cikin masu haddasa shi. A farkonsa ba shi da bambanci da olsa, kuma omefirazol yana kwantar da zafinsa na watanni, daidai watannin da tiyata za ta iya yin amfani. Mutum ya yi ta saye yana sha yana cewa da sauƙi, har ranar da wando ya daina zama a ƙugunsa.

Saboda haka akwai alamun da bai halatta a ce wa mai su ya je ya sha madara ba. Wanda yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a ƙirji in ya haɗiya, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, musamman aman abincin da ya ci tun jiya, ya tafi asibiti. Haka wanda ya yi aman jini ko wani baƙin abu kamar dusar shayi, ko bahayansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo da wari irin na daban. Maganin ƙarin jini da bismut su ma suna baƙanta bahaya, amma likita ne zai raba. Haka wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari yana haki, ko idonsa ya yi shawara, ko ya ji ƙullutu a ciki, ko wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta. Wanda kuma ciwo ya soke shi farat ɗaya, ciki ya ƙage ya ƙi taɓuwa, ko motsi ba ya so, mai yiwuwa gyambon ne ya huje. Wannan ba a ba shi ko ruwa, ba a jiran gari ya waye, kowace sa'a da ta wuce kafin tiyata tana rage masa damar tashi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ƙarfin rubutun Malam, kuma ba zan raina ta ba. Endoskofi yana da tsada, kuma yawanci sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri da Jos, ko asibitocin kuɗi na birane. Mutumin ƙauye sai ya haɗa da kuɗin mota da na kwana. Amma babu likitan da ya san aikinsa da zai tura kowa a leƙa cikinsa. Ƙa'idar da ake bi ita ce, matashin da ba shi da ko ɗaya daga alamun nan a gwada shi, in an samu ƙwayar a kashe ta, in ba a samu ba a ba shi maganin rage tsami na mako huɗu zuwa takwas a gani. A Amurka sai mutum ya kai shekara 60 ake fara masa da na'ura, a Ingila kuma daga 55 ake ƙara sa ido. Gwajin da ya dace shi ne na bahaya ko na numfashi, kuma sai an ajiye omefirazol mako biyu, magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar ta ɓuya sakamako ya fito babu alhali tana nan. In Malam ya lissafa abin da mutum ke kashewa a kemis cikin shekara biyar ko goma yana lallaɓawa, zai ga wanne ne mai tsadar.

Da Malam ya juya alƙalaminsa kan abin da ake yi ba daidai ba a ɗakunan gwaji da ƙananan asibitoci, da na tsaya a bayansa. Gwajin jinin nan na minti goma da ake kira gwajin olsa, abin da yake nunawa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. A ƙasar da takwas cikin goma suka haɗu da ita tun suna yara, kusan kowa zai fito da shi, kuma yakan ci gaba da nunawa ko bayan an warke. Da shi ake sa mutane su sha haɗin magani sau uku sau huɗu a banza. Haka mai cewa sikanin ya nuna masa olsa. Sikanin yana da amfani wajen ganin madaciya da hanta, amma ba da shi ake tabbatar da gyambon tumbi ba. Waɗannan su ne wuraren da kuɗin talaka ke zurarewa, kuma maganinsu gwajin da ya dace. Gwamnatocin jihohi su sa gwajin bahaya a manyan asibitocinsu, su sa shi da endoskofi cikin tsarin inshorar lafiya, su horar da likitocin da za su riƙe na'urar a wajen manyan birane.

Akwai kuma masu shan wuya duk watan Ramadan, suna ganin haka Allah ya yi su. Da yawansu da an gwada su a Rajab ko Sha'aban sun sha maganin kwana 14, da sun yi azuminsu cikin natsuwa. Wanda gyambonsa ke ɗanye, ko bai daɗe da zubar da jini ba, ya ga likita kafin wata ya kama, addini ma ya yi wa mara lafiya rangwame. Kowa kuma ya guji haɗiyar maganin ciwon jiki da sahur.

Ina roƙon Malam, da girman da nake ba shi, ya koma shafin da ya yi wancan rubutu ya gaya wa masu karatunsa cewa olsa tana da sila kuma tana da magani. Kai kuma mai karatu, in ka daɗe kana shan omefirazol ba a taɓa gwada ka ba, ka je a yi maka gwajin bahaya, ka tafi da duk ledojin maganin da kake sha ka nuna wa likita. In kuwa akwai dattijo a gidanku da ake cewa olsarsa ce ta tashi alhali yana ramewa, a kai shi asibiti a wannan makon.